Bindigar Alhaji da Gidajen Arewacin Togo

Fataken Kano da na Katsina da suka riƙa zuwa Gwanja saro goro, da yawansu ta ƙasar Kotokoli suka ratsa. In ayari ya baro Jugu, cikin Benin ta yau, sai ya ya da zango a Didawure, jakuna su huta, madugu ya sallami sarakunan wurin, sannan a miƙa zuwa Salaga. Didawuren nan ce ta zama tsakiyar garin Sokode bayan Jamusawa sun kafa bariki a gefenta a ƙarshen shekarun 1890. Har gobe in ka yi sallama da Hausa a kasuwar garin ba za ka rasa mai amsa maka ba, ko da yake harshen Tem ake ji a titi, Faransanci kuma a ofis da makaranta.

Ɗaurin auren ɗan wani aminina ya kai ni Sokode. Daga Lome tafiyar kilomita kusan 340 ce, a kan babban titin da ya tsaga ƙasar tun daga bakin teku har iyakar Burkina Faso, wanda tireloli ke bi dare da rana da kayan tashar jirgin ruwa. A wajen walima aka haɗa ni da kawun ango, wani magidanci da kowa ke ce wa Alhaji, direban babbar mota a jihar Nebraska ta Amurka, inda 'yan Togo suke da yawa a birnin Omaha. Ya daɗe a can har ya sami takardar zama ɗan ƙasa. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, samari suka kewaye shi suna son jin labarin Amurka, shi kuwa ya zaro waya ya buɗe musu bidiyon gasar harbi.

Ga shi nan tsaye, kunnuwa a toshe, tabarau a ido, wani mutum a bayansa riƙe da ɗan agogo. Agogon na yin ƙara ya zaro bindiga daga kube a ƙugunsa, ya ɗirka wa allunan kwali harsashi bibbiyu, ya sheƙa zuwa wata ƙofa, ya leƙa, ya kakkaɓe wasu faya-fayan ƙarfe da ke amsa kuwwa in an same su. Duka-duka bai wuce daƙiƙa ashirin ba. Maki da lokaci ake haɗawa a fitar da gwani. Wasan yana da ƙungiyarsa ta duniya, IPSC, wadda aka kafa a 1976 a garin Columbia na jihar Missouri.

"Malam, ka ga tsawon nan?" in ji shi, yana buɗa hoton da yatsu biyu. "Shi na saya."

Glock 34 ce, ƙirar Ostiriya. Irin waɗannan bindigogin hannu suna da ƙarfen sama da ke zamewa baya in an harba, ya tofar da ƙwanso, ya dawo ya ɗauko sabon harsashi. A kan ƙarfen nan idanun saiti biyu suke, ɗaya gaba ɗaya baya, kuma iya nisan da ke tsakaninsu, iya yadda mai harbi zai ga karkatar hannunsa kafin ya danna kunama. Glock 17, wadda sojojin Ostiriya suka ɗauka a farkon shekarun 1980, hancinta milimita 114 ne. Na Glock 34 ya kai 135. A 1998 kamfanin ya fito da ita, ya auna tsawonta yadda za ta shiga akwatin gwajin da dokar gasa ta tanada. Gindinta na roba ne mai tauri, tana cin harsashi 17 mai milimita 9.

Alhaji ya yi ta zuba kamar mai yabon doki. Ya ce nauyin da ya ƙaru a gaba yana danne bakin bindigar, ba ta ɗaga kai sosai bayan harbi, shi ya sa harsashi na biyu ke faɗawa kusa da na farko. Kunamarta ta fi ta 'yan uwanta laushi. Gyaranta ba wuya, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya warware ta gida huɗu ya goge ya mayar. Da wani saurayi ya tambaye shi ko tana da abin da bai so, sai ya ce riƙonta ya ɗauke shi watanni kafin hannunsa ya saba, kuma tsawon da ke taimakonsa a fili shi ke hana shi yawo da ita a jiki, don tana tokarinsa in ya zauna a mota. Babban abin da ke cin aljihu kuwa harsashi ne: wanda yake gasa da gaske, kafin shekara ta zagayo ya ƙone abin da ya fi kuɗin bindigar.

Abin da ya fi kama ni a zancensa ladabin wasan ne. In bakin bindiga ya juya ya ƙetare layin da aka shata, ko aka ga yatsanka a kan kunama kana gudu, ka gama gasa a ranar, ko kai wane ne. Ba a ɗura harsashi sai alƙali ya ce a ɗura, ba a barin fili sai ya leƙa ya ga ciki wayam. Na tashi a garin da ake girmama maharba, kuma na ga irin natsuwarsu a fuskar mutumin nan. Ban ga aibin wasan ba, har yanzu ma ban gani ba.

Sai ya ƙara da cewa, "Kuma ita ke tsare min gida." Nan idanun samarin suka buɗe.

Washegari aminina ya kai mu gaida wani tsoho maharbi a bayan gari, ta hanyar Camba. Muka tarar da shi yana gyaran tarko. Da aka gaya masa abin da ya kawo mu, ya shiga ɗaka ya taka turmi ya sauko da bindigarsa daga can kusa da rufi. Harba-ka-ruga ce ƙirar maƙera, ta kusa kai tsawon kafaɗarsa, kotar ta yi baƙi ƙirin saboda gumin hannu, an ɗaure wani tsagi da waya, ga layu biyu a jikin maɗaurin. Albarushinsa na cikin wata 'yar kwalbar magani, tsumman toshiya a aljihun taguwa. Ya nuna mana yadda ake ɗura ta ta baka, a zura sandar ƙarfe a daddanna, ba tare da ya zuba komai ba. Gyazbi da zomo da zabin daji yake nema da ita, sai kuma ranar biki in manya sun ce a yi ƙara.

Alhaji ya durƙusa ya nuna masa tasa a waya. Tsohon ya daɗe yana kallo, ya yaba kyan ƙirar, ya tambayi harbi nawa take yi. Da ya ji amsa sai ya ɗago kai.

"Goma sha bakwai? Ɗana, wa za ka harba har sau goma sha bakwai?"

Na ce, "Baba, in ɓarawo ya hauro maka cikin dare fa?"

"Ɓarawo ihu ake masa," in ji shi. "In na yi ihu ɗaya, gidan nan da wancan da na bayansa duk sun fito. Wannan in na harba sau ɗaya ta zama sanda. Kuma cikin duhu ina na san ba jikana ne ya fito fitsari ba?"

Sokode ba garin matsorata ba ne. Mahaya dawakinsu na da, waɗanda ake kira Semasi, sun yi suna a yaƙi, kuma bikin Adosa da suka bari ana yin sa har yau: maza su sha magani su fito fili suna gurza wuƙa a ciki da hannu da wuya, abin da duk wanda ya san 'yan taurinmu zai gane nan take. Amma garin ya ɗanɗani abin da harsashi ke yi a cikin unguwa. Zanga-zangar da jam'iyyar PNP ta Tikpi Atchadam ta kira ranar 19 ga Agusta 2017 ta yi zafi a nan, aka rasa rayuka, kuma kafin shekarar ta ƙare an yi asarar farar hula da sojoji. Dattawan da na zauna da su ba sa son a ja zancen da nisa.

Alhaji yana da dangin uwa a Dapaong, ya ce in raka shi. Muka ɗauki hanya da sassafe. A Alejo titi ya bi ta tsakiyar wani dutse da aka tsaga, bango dama bango hagu, ko da yake yanzu an yi wa manyan motoci hanyar zagaye. Muka wuce Bafilo garin masaƙa, muka karya a Kara, muka hau tsaunukan Defale muka gangara. A Kande ya ce wa direba ya karya gabas, wai tun yana yaro yake jin labarin gidajen Batammariba bai taɓa gani ba.

Kutammaku ake kiran yankin, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2004. Gidan da suke kira takiyenta soro ne na jar ƙasa mai hawa biyu, wasu dogayen ɗakuna zagayayyu da aka haɗe da katanga suka zama abu guda. Ƙofa ɗaya ce tak, ƙarama, sai ka sunkuya. Kana shiga duhu ya rufe ka, ga warin hayaƙi da na awaki, don a ƙasa dabbobi ke kwana. Sai ka lalubi wata 'yar hanya mai lanƙwasa ka hau sama, inda rumbuna suke da ɗakunan kwana masu bakin da ba a shiga sai da rarrafe. A jikin bango akwai 'yan ramuka da na ciki zai hango na waje, ya sakar masa kibiya in ta kama. Alhaji ya tsaya a kan rufin yana juyawa, ya shiga lissafi irin na mai gasa. Ya ce duk wanda ya shigo ta ƙofar nan kansa a ƙasa yake, idonsa bai saba da duhu ba, bai san inda matakala take ba, kuma mutum ɗaya ne zai iya shigowa a lokaci guda. Hatsi na sama, yara na sama. Ya ce malaman da ke koyar da tsaron gida a Amurka da kuɗi mai yawa, rabin abin da suke faɗa ke nan.

Daga Mango, inda aka ƙetare kogin Oti, ƙasa ta buɗe ta zama irin tamu: kuka, kaɗanya, ɗorawa, gonakin dawa da auduga. Shingayen bincike kuma suka ƙaru. A sauka, a nuna katin shaida, a buɗe jaka, a faɗi inda za a da wurin wa. Hira ta mutu a motar.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun 2018 gwamnati ta girke rundunar Koundjoare a kan iyaka saboda abin da ke faruwa a Burkina. A watan Nuwamba 2021 aka kai hari na farko a Sanloaga, cikin gundumar Kpendjal. A daren 10 ga Mayu 2022 aka afka wa sansanin Kpekpakandi, sojoji 8 suka mutu, ƙungiyar JNIM ta ce ita ta kai. Ranar 13 ga Yuni na shekarar aka sa dokar ta-ɓaci a duk yankin Savanes, majalisa kuma ta yi ta tsawaita ta. A Afrilun 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Faure Gnassingbe, da bakinsa ya ce an rasa farar hula kusan 100 da sojoji kusan 40. Gudun mahara ba sabon abu ba ne a ƙasar Moba, mutanen wannan yanki. A duwatsun Nok, kusa da Nano, akwai rumbunan ƙasa fiye da ɗari maƙale a cikin kogunan da ke jikin gangaren dutse, inda kakanninsu ke ɓuya da hatsinsu in mayaƙan Anufo na Mango sun fito kamun bayi da karɓar gandu.

Dapaong kanta tana harkarta. Kasuwa cike da albasa da tumatir da zabi, 'yan kabu-kabu na ta kai da kawo, motocin Sinkase na lodi, don iyakar ba ta fi kilomita 35 ba. A gidan ɗan ƙanwar mahaifiyar Alhaji muka sauka, wani ɗan kasuwar hatsi da ke da shanu a wajen Manduri. Gidan da aka gina don iyali ɗaya yanzu yana ɗauke da mutum sun fi talatin, saboda dangin da suka baro ƙauye. Har zaure an raba shi da labule. Yara kuwa ko'ina ka sa ƙafa.

Bayan isha'i bidiyon ya sake fitowa, don labarinsa ya riga mu isowa. Maigidan ya kalla sau biyu, ya miƙa wayar, ya matso.

"Yaya, ba yadda za a yi ka turo min irin wannan? Ko nawa ne zan biya."

Alhaji ya ce a'a, bai ko tsaya tunani ba. Ya fara da doka. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yuni 2006, ta hana shigo da makami ƙasashen ƙungiyar sai da izini na musamman, ko da gwamnati ce ke so, balle ɗan kasuwa. Farar hula ba ya riƙe bindiga sai da lasisi. A Lome ma cibiyar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da kwance ɗamara a Afirka take tun 1986. Sannan ya koma kan abin da ya fi sani. Ya ce bindigar hannu, ko a hannun gwani, aikinta a 'yan mitoci ne, ashirin da biyar zuwa hamsin in an kai maƙura. Masu zuwa kan babura kuwa Kalashnikov suke riƙe da ita, mai cin mita ɗari uku, kuma ba mutum ɗaya ke zuwa ba. "Harbi ɗaya za ka yi su san gidan nan akwai makami. Daga nan ba shanu za su nema ba."

Maigidan ya ce, "Yaya, kai kana can kana kwana da taka a gefen gado. Mu in abu ya faru da tsakar dare, kafin taimako ya iso gari ya waye. So kake in tsaya ina kallo?"

Maganarsa ta yi min nauyi, don na sha jin irinta a gida. A watan Yuni 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce wa jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu, kafin nan Aminu Masari ya faɗi makamanciyarta a Katsina. Wanda aka kashe masa ɗa aka kore masa shanu, ba ka da bakin ce masa ya yi haƙuri kawai. Amma mun ga inda ta kai mu. 'Yan sa-kai sun tare wasu hare-haren, sun kuma kashe Fulanin da ba su ji ba su gani ba a kasuwanni, 'yan uwan waɗanda aka kashe suka shiga daji suka dawo da fansa a kan ƙauyuka. A Burkina an yi kisan gilla a Yirgu a farkon 2019, aka yi dokar 'yan sa-kai na VDP a 2020, wutar ba ta mutu ba. Na gaya masa haka. Na ƙara masa da abin da ya faru a Margba, cikin gundumar Tone da Dapaong ke shugabanta, a daren babbar sallar 2022, lokacin da jirgin soja ya kashe yara 7, rundunar ta fito ta amsa cewa ta ɗauka 'yan ta'adda ne. In yaran da ba su riƙe komai ba sun gamu da haka, ina ga magidancin da aka tarar da bindiga marar takarda a ƙarƙashin katifa a lokacin dokar ta-ɓaci? Ra'ayina shi ne haƙƙinsa na a tsare shi gaskiya ne, kuma hukuma ce ke da wannan bashin a wuyanta. Bindiga a gidan mutum talatin ba za ta biya shi ba.

Na juya kan Alhaji ma, don shi ya fara ɗaga zancen tsaron gida a gaban samari. Na tuna masa cewa a 2021 mutum 48,830 harsashi ya kashe a Amurka, fiye da rabinsu kuma su suka harbe kansu. Bai musa ba. Ya ce tasa ba a gefen gado take ba, tana cikin akwatin ƙarfe da ba ya buɗuwa sai da yatsansa, don yana da 'ya'ya uku, kuma tun da ya saye ta bai taɓa nuna ɗan Adam da ita ba, yana roƙon Allah kada ya nuna masa ranar. Gidansa na can mutum biyar ne, ƙofa a kulle, maƙwabcinsa ko sunansa bai sani ba, in ya yi ihu ba mai fitowa. Ya dubi tsakar gidan, inda yara ke kwance jere a kan tabarma, ya ce a nan ko akwatin ƙarfen bai isa ya ba shi kwanciyar hankali ba. Abin da ke kai shi fili duk Asabar, in ji shi, daɗin wasan ne da abokan da ya samu a ciki, kuma da ya san samarin Sokode za su riƙe rabin maganar su bar rabi, da a nan ya tsaya.

Ba a rabu da dare ba sai da suka yi lissafi. Alhaji zai biya kuɗin ƙofar ƙarfe da ƙarin tsawon katanga, da fitilu masu aiki da hasken rana a kusurwa huɗu, da kuɗin makarantar yaran da suka zo daga ƙauye. Maigidan ya yi godiya, amma fuskarsa ba ta sake ba, kuma bai ce an gamsar da shi ba. Ya ce shanun zai sayar da rabi kafin damina, sauran ya gangaro da su wajen Mango, in ya sami wanda zai ba shi makiyaya.